Rasuwar Na-Saude, Injin da Aka Ciyar da Yashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda haushi ya kusa rinjaya, Hajiya Saude ta bayan tashar jirgin ƙasa, Ƙauran Namoda, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar injinta na matsar man gyaɗa, wanda aka fi sani da Na-Saude. Ya cika ranar Talata da hantsi yana tsakiyar aiki, bayan shekara goma sha biyu yana riƙe da gidan.

Marigayin ya iso garin nan a jirgin kaya, shekarar da Hajiya ta sayar da gonar gadonta ta Badarawa don ta kawo shi. Unguwa ta shaide shi da wadatar zuci. Galan ɗaya na man gas zai sha ya ba da galan shida na man gyaɗa, ga tunkuza ta masu ƙuli-ƙuli. Ba shi da magana sai "tuf-tuf-tuf", ita ma a kan aiki.

Ciwon ajalinsa ya soma ne da gyaɗa ta yi wuya, Hajiya ta ɗora wa ƙanenta Labbo sayo mata ita daga kasuwannin Shinkafi da Zurmi, wai naka sai naka. Buhu yakan zo da nauyi kamar an ɗauko dutse, amma mai sai ɗigo-ɗigo. Aikin awa ɗaya ya koma na wuni. Marigayin ya kai yana shan galan uku kafin ya ba da biyu, wato a ƙona mai don a samu man da bai kai wanda aka ƙona ba. Muryarsa ta koma "ƙarr-ƙarr". Hajiya ta kira shi maci amana, har ta taɓa maka masa muciya, kuma wannan ne yake hana ta sukuni yanzu.

Da makanike Na'Allah ya buɗe cikin mamacin, yashi ya tarar, ya cinye haƙoran ƙarfen sun yi sumul. Da aka tuntuɓi Labbo, cewa ya yi ƙasar gona ce ke manne wa gyaɗa. Hajiya tana so a shaida cewa a gona ta girma, kuma ba ta taɓa ganin ɓararriyar gyaɗa ta je gulbi ta kwaso farin yashi da kanta ba.

Marigayin ya bar mata tara masu suyar ƙuli-ƙuli, waɗanda suka koma turmi da tsufansu, da jarkoki wayam, da Hajiya, wadda ba gona ba inji.

Za a ɗauki gawar a amalanke ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zuwa maƙerar Zubairu, inda za a yi fartanyu da ita. Ana karɓar gaisuwa a zauren Hajiya daga kowa, ban da mutum ɗaya. Shi an ajiye masa gadonsa a ƙofar gida, rabin buhun yashin da aka tankaɗe daga gyaɗarsa. Ya zo ya ɗauka ya matse da hannunsa. Duk man da ya fito, Hajiya ta ce za ta saya.