Jinin Baba da Kular Biki

Ko na manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki jinin mahaifina daga Batsari zuwa Katsina ba. Ko kuma in ce, ranar da na yi zaton na ɗauke shi.

Baba mahauci ne, tun kafin a haife ni yake yanka a kasuwar Batsari. Sai hannunsa na dama ya fara rawa ko yana zaune, tafiyarsa ta koma 'yan gajerun taku. Ranar da wuƙa ta kufce ta yanke shi a yatsa, ya ajiye sana'a. Mutanen gari kuwa ba su rasa bayani ba: wasu su ce sammu, wasu su ce iska, wani ma ya ce haƙƙin shanu ne. Wannan surutun ya fi ciwon cin ransa.

Wata likitar ƙwaƙwalwa a Katsina ta duba shi ta ce ciwon karkarwa ne, irin wanda ke taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, ta ɗora shi a kan magani. Ta kuma ce suna wani bincike, suna auna alamomin garkuwar jiki a jinin masu ciwon lokaci zuwa lokaci, ko za su nuna yadda yake tafiya, su kuma bambanta shi da wasu cututtukan masu kama da shi. Ta ja kunnena cewa har yanzu bincike ne, kada mu sa ran amsa gobe. Baba ya amince, ya ce ko ba komai a samu abin toshe bakin 'yan sammu.

To, shekarun nan ne na wahala, hanya ba lafiya, an katse layukan waya, ga zaman mota yana sandarar da Baba. Sai likita ta yarda mai awon jini na garinmu ya zo gida ya ɗiba, ni kuma in kai a cikin ƙanƙara a ranar. Abin da ban sani ba, mutumin da ya kayar da bijimai ba adadi, tsoron allura yake kamar me. Ni na danne hannu, Inna ta dafa kafaɗa, shi yana salati, hannun kuma yana ta rawarsa. Da kyar aka samu jijiya.

"Malam, ka riƙe jinin nan da kyau," Baba ya ce mini yana share gumi. "Ba ni da wani na bayarwa."

Duk wanda ke zuwa biki a garinmu ya san 'yar kular nan da ake rabawa, shuɗiya, da hoton ango da amarya manne a jiki. A bikin 'yar Kawu gidanmu ya samu guda biyu. A ɗaya na jera kwalaben jini cikin ƙanƙara. A ɗayar Inna ta danna soyayyen nama na ƙanwata da ta haihu a Safana, Goggo za ta kai wajen suna a ranar. Duk aka ajiye su a zaure.

"Ka dai buɗe ka duba taka," in ji Inna.

"Haba Inna! Ana buɗewa sanyi ya fita. Ni fa kimiyya nake koyarwa."

(Kimiyyar 'yan aji huɗu na firamare, amma ai kimiyya kimiyya ce.)

A mota na ƙi yarda a sa kula a but. Na ɗora ta a cinya, na rungume kamar jariri. Wani dattijo ɗan Wagini ya tambayi abin da ke ciki, ai kuwa ya jawo wa kowa, don tun daga nan na buɗe aji. Na yi musu bayanin sojojin jini da kumburin ƙwaƙwalwa, har da abin da likita ba ta faɗa ba. Ƙamshin nama kuma yana ta dukan hancina. Har na yi tsaki na ce wasu ba su da tausayi, a wannan marra mutum ya shigo mota da nama bai ce wa kowa bismilla ba. Kowa ya kalli na kusa da shi.

Na iske likita da ɗalibanta sun zagaye tebur. Na gyara hula, na ce su ɗan ja baya, abin ba ya son iska. Ta sa safar hannu, ta buɗe.

Innalillahi! Nama ne jawur, ya sha yaji, har da hanta a sama.

Sai wata ɗaliba ta toshe baki da mayafi ta fice a guje. Likita ta dube ni ta saman tabarau.

"Malam, wannan saniyar kam ta warke daga karkarwa."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Sai kuma na tuna inda ɗayar kular ta nufa, ga shi ba waya balle in tare ta.

Goggo ce ta ba ni sauran labarin da na dawo da la'asar, bayan ta gama wanke ni tas. A tsakiyar mata, gaban uwar mijin ƙanwata, ta rangaɗa guɗa ta ce ga saƙon kakar jariri. Ta buɗe, sai ga kwalaben jini suna iyo a ruwan ƙanƙara. Mata suka watse da salati, har da mai barin takalmi. Kafin Goggo ta iso Batsari, labari ya riga ta: ashe ɗan ne ke ɗibar jinin uban, shi ya sa yake rawa. Ƙanwata kuwa an bar ta tana kuka a ɗakin jego.

Na durƙusa gaban Baba ina jiran faɗa. Ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Ka samo mota," ya ce. "A kuma aika Safana, surukinmu ya zo ya ga inda jinin ke zuwa da idonsa."

"Baba, zaman motar fa? Ga allura."

"Na ji. Amma wannan karon da kaina zan kai shi, a cikin kular da Allah ya zuba shi. Ita ba ta da ta biyu."

Haka muka je. Suruki ya ji bayani daga bakin likita, ya kuma riƙe wa Baba kafaɗa da aka soka allurar, ya koma Safana ya kashe maganar. Naman kuwa ban sake ganinsa ba, ɗalibai sun ce sun auna shi, yaji ne kawai ya ɗan yi yawa.

Tun daga ranar, duk abin da ke da murfi sai na leƙa kafin in ɗauka, ko da a gidan biki ne. Mutane na cewa Malam ya cika kwaɗayi. Ni dai na yarda, gara a kira ni makwaɗaici da a sake soka wa Baba allura saboda iliminna.