Dokar da Na Kafa a Bakin Kogo

To, ku saurara, ba zan ɓoye kome ba. Da hutun lakol na bazara jikokina uku suka zo daga Maradi. Kwana biyu kacal suka fara ƙorafi, wai ƙauye ba abin gani. Na ji tsoron kar baɗi su ƙi zuwa. Sai na sa ɗana Sani ya ɗaura amalanke, muka nufi tsoffin ramukan tama na bayan gari, inda kakannina maƙera suka haƙi ƙarfe.

A bakin kogo na gyara murya. "Nan ba a shiga da takalmi. Wurin manya ne."

Sani ya ce, "Inna, yaushe aka kafa wannan doka?"

"Tun ba a haifi ubanka ba."

Allah ya sani, a nan take na kafa ta. Kowa ya tuɓe, na shige gaba kamar mai zuwa ɗakinta. Muka duƙa, muka rarrafa, rami ya murɗe, sai ga mu mun ɓullo can cikin gonar wani. Komawa ta gagara, don ban san ta inda muka bi ba. Rana tsaka, ƙasa kamar tanda, ga ƙarangiya shimfiɗe har bakin amalanke.

Yara suna tsalle, suna ihu, suna dariya. Ni kuwa, da girmana da furfurata, goya ni Sani ya yi.

Yanzu kowane hutu sai sun zo. Tun daga ƙofar gida ƙaramar cikinsu take ɗaga takalminta sama: "Kaka, nan ma wurin manya ne?"