Fuskata a Bayan Bagade

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara wa ɗan hayata 'yan banga, ni da ake kira dattijon coci a Wara.

Sunansa Bitrus, mai zane ne, Fada, limamin cocinmu, da kansa ya kawo shi in ba shi ɗaki. Tun farko hankalina bai kwanta da shi ba. Mutum ba hira, ba zuwa bakin ruwa, sai kallon jama'a kamar zai saye su. Ni kuwa abin ya fi yawa a kaina. Ina cin tuwo yana kallona, ina ɗinkin koma yana kallona. (A zamanin nan da 'yan bindiga ke da ido a kowane gari, ku faɗi gaskiya, wa zai ga laifina?)

Rannan ya tafi kasuwa, na shiga ɗakinsa wai duba yoyon kwano. Wayyo! Bango cike da hotunan Turawa: wannan an fille masa kai, wancan ana gasa shi, wani ana naɗe hanjinsa a sanda. A tsakiya ga ƙaton allo, mutum ɗaure a itace, kibau sun yi masa caa. Na matsa na duba. Fuskata ce! Har giɓin haƙorina.

Da takalmi ɗaya a ƙafa na isa wurin 'yan banga. Kafin ka ce me, sun ɗauro Bitrus, unguwa ta cika, wasu har sun ɗaga gora. Ni kuwa ina gaba ina nuna shi: "Shi ne! Ni zai fara kashewa!"

Allah ya kawo Fada a babur. Ya leƙa ɗakin, ya fito ya dafa kai.

"Baba, aikin coci ne fa. Waɗannan tsoffin zanen Jamus da Holan ne, na shahidan da aka kashe saboda bangaskiya, waɗanda ake kafawa bayan bagade, teburin nan na gaban coci. Masu zanen can fuskar maƙwabta suke ara. Ni na ce ya yi mana irinsu da fuskokin mutanenmu."

Bitrus, leɓe a fashe, ya ce a hankali, "Duk garin nan ban ga mai fuskar haƙuri kamar taka ba, Baba."

Kunya ta kashe ni a tsaye. Ni na kwance igiyar. Ya yafe mini, amma a makon ya kwashe kayansa.

An kafa allon ranar Ista. Shahidin ya samu wata fuska, ta wani masunci. Tawa ba ta ɓace ba: tana can gefe cikin taron makasa, baki buɗe, yatsa a miƙe. Fada ya ce a goge, na ce a bari, ai Bitrus bai yi mini ƙarya ba.

Yanzu in mutum ya ƙura mini ido, murmushi nake yi masa. Kowace Lahadi kuma a gaban yatsan nan nake durƙusawa.