Ruwan da Aka Tatse wa Wuta

Wani manomin albasa ne a fadamar Kambaza, can gefen Gwandu. Irin mutanen nan da in suka ji rabin magana sun ƙoshi.

Ya ji an shirya wa manoman rani bita a Kalgo. Ba a gayyace shi ba, amma ya ji za a raba shinkafa da takardar shaida. Ya hau babur sai Kalgo. Ya ci shinkafa, ya kora da lemo, ya jingina da bango. Barci ya yi gaba da shi.

Injiniya Shamsuddeen, mai koyar da bitar, yana ta bayani. Ya ce injin ban-ruwa aikinsa tura ruwa sama. Amma in akwai ruwan da dama can yana gangarowa da ƙarfi daga tudu ko babban tanki, aka bi da shi ta cikin injin a baibai, sai ruwan ya riƙa juya injin. A haɗa da dainamo, a samu wuta, ruwa kuma ya wuce inda za shi.

Duk wannan mutumin naku bai ji ba. Tafi ne ya tashe shi. Ya buɗe ido ya ga ana gwaji, ruwa na zuba, inji na juyawa, ƙwan lantarki ya kama. Ya miƙe ya karɓi takardarsa.

"Shi ke nan, na gane. Ashe ruwa duk wuta na ciki!"

Yana isa gida ya ce wa matarsa Dije, "Daga yau Injiniya za a riƙa kirana."

Ta ce, "To Injiniya, albasa hwa kwana ukku ba ta sha ruwa ba."

"Albasa ta jira. Ci gaba ya zo."

Fadamar nan kuwa shimfiɗe take kamar faifai, ko tudun tururuwa babu. Sai ya kafa itace huɗu ya ɗora duro. Ya aro injin maƙwabcin gonarsa Rilwanu, ya samo dainamon tsohuwar mota. Injinsa mai shan fetur ya tura ruwa daga rijiya zuwa duro. Ruwa ya sauko ta injin Rilwanu. Ƙwai ɗaya ya kama, ja-ja kamar idon mai mura, da rana tsaka. Ruwan kuma ya sa tiyo ya mayar da shi rijiya.

Ya gayyato mutane ƙaddamarwa. Har zare aka ɗaura, ya yanka da kansa, ya tafa wa kansa.

Rilwanu ya duba tiyo, ya duba albasa, duk ta yi yaushi. Ya ce, "Malam, tunda ruwan ya sauko, mi zai hana ka sake shi cikin gona?"

"Injiniya dai."

"To, Injiniya."

"Kai ba ka tahi bita ba. Wanga ruwa an tatse mai wuta. Ganyen shayin da anka dahwa, kana ba baƙo? Sai ya koma rijiya ya yi caji tukun."

"Yaushe zai cika?"

"In ya cika, ni ka sani."

Kwana tara ana haka. Inji na kuka, fetur na ƙonewa, ruwa na hawa yana sauka. Albasa na kallo daga taku biyar, ta kwanta, ta koma launin kara. Ni wallahi albasar nan ta fi ba ni tausayi. Ran nan fetur ya ƙare, ƙwai ya mutu, mutumin ya ɗaga kai sama ya ce, "Kai jama'a! Masu wutan ga har gona sunka biyo ni?"

Da Rilwanu ya ga tasa gonar ma za ta bi sahu, ga injinsa an hana shi, sai ya je Kalgo ya ɗauko Shamsuddeen a bayan babur.

Shamsuddeen ya zagaya duro sau biyu, ya riƙe baki.

"Baba, wa ya koya maka wannan?"

"Kai mana. Ga takarda."

"Ai cewa na yi ruwan da ke saukowa da kansa. Kai fetur kake ƙonawa ka ɗaga shi. Man nan a janareto sai ya haska unguwa guda. Kuma ruwa ruwa ne, babu abin da aka cire masa sai ƙarfin gudu."

"Yaro, gudun ai shi na maganin."

Shamsuddeen ya nufi rijiya. Ya fizgo tiyo daga bakin rijiya ya jefa cikin gona. Ruwa ya malale kwami-kwami. Aka tsaya ana kallo. Rilwanu ya tsuguna ya kama ganye ɗaya, ya ruguje a hannunsa.

Ya ce, "Inna lillahi. Ta riga ta mutu."

Mutumin ya juyo ya dubi jama'a, ya nuna Shamsuddeen da baki.

"Kun gani ko? Kwana tara ina tsare ta daga wanga ruwa, ya zo ya kashe min ita cikin minti biyu!"