Ranar da Kaftin Shaukat Ya Je Duba Teku

Duk garin Tanta babu wanda ya san ruwa kamar Ustaz Shaukat Dardiri. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma mutum irinsa ba ya magana sai ya tabbatar. A ofishin ban-ruwa ya yi aiki har ya yi ritaya, ya kai muƙamin mataimakin mataimakin darakta. Ya sa hannu a buɗe wa manoma ruwa, ya sa hannu a rufe, amma ko sau ɗaya takalminsa bai taɓa jiƙewa ba. Abokan aiki suka laƙaba masa Kaftin don tsokana. Ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sayi farar hular matuƙan jirgin ruwa don kada sunan ya zauna tsirara.

Da ƙungiyar 'yan fansho ta shirya yawon yini guda zuwa Iskandariyya, an manta ba a naɗa jagora ba. Kaftin ya ga giɓin, tausayin jama'a ya kama shi, ya naɗa kansa.

Mota ba ta gama fita daga gari ba ya karɓe makirufo daga hannun direba, Usta Hamada.

"'Yan'uwa, ku kallo za ku je, ni dubawa zan je. Ruwan da na yi ta saki daga ofishina shekara da shekaru, ina kuke zaton ya tafi? Rabin abin da za ku gani yau sai da na sa hannu ya wuce."

Matarsa, Hajja Ihsan, ta miƙa masa gurasa da wake ko bakin zai samu wani aikin. Ya cinye, ya share gashin baki, ya ɗora daga inda ya tsaya. Waɗanda suka yi niyyar gyangyaɗi suka haƙura.

Da suka sauka a bakin teku, jama'a suka tsaya suna shaƙar iska. Kaftin ya goya hannu a baya, ya yi sintiri sama da ƙasa kamar mai duba fareti, sannan ya yanke hukunci.

"Ya ragu. A zamaninmu ya fi haka cika. Rashin kulawa ne."

Am Girgis, tsohon abokin aikinsa mai ciwon gwiwa, ya ce, "Sai ka ba shi takardar gargaɗi, ya Kaftin."

"Ina tunanin hakan," in ji Kaftin, ba ko murmushi.

Hajja Ihsan ta cire takalmi ɗaya a hankali. Tun daren amarcinsu yake mata alkawarin teku. Ta ce masa, "Baban Tamir, bari in ɗan tsoma ƙafa."

"Matar mataimakin darakta ta tattare riga a bainar jama'a? Mai da takalminki. Muna da tsari."

Ta mayar. Ta daɗe da daina musu da shi.

A tsohuwar ganuwar Kaitbai da ke bakin teku wasu Turawa mata suka nufo shi da waya a hannu suna murmushi. Kaftin ya gane nan take. Ya gyara hula, ya shanye tumbi, ya dafa dutse, ya zuba wa sararin teku ido irin na wanda ya sha gwagwarmaya da guguwa. Ya daɗe a haka. Sai ɗayar ta taɓa kafaɗarsa, ta danƙa masa wayar, suka jeru suna jira ya ɗauke su. Ya ɗauka, babban yatsansa ya rufe rabin hoton.

"Sun gane ni," ya gaya wa jama'arsa. "Kunya ce ta hana su tambaya."

Azahar ta yi, yunwa ta taso. Ga gidajen kifi jere, ƙanshin gashi yana kiran mutum da sunansa. Kaftin ya ɗaga hannu.

"Waɗannan na baƙi ne. Ni ɗan gida ne. Akwai wani wuri a cikin unguwa, mai shi da ya hango ni zai taso da gudu. Nan kusa ne."

Suka bi shi lungu-lungu cikin tsakar rana, tsofaffi masu hawan jini da masu ciwon suga, Am Girgis a can baya yana jan ƙafa yana kiran sunayen waliyyai. Kaftin bai tambayi kowa hanya ba, don tambaya ta baƙo ce. Sau biyu suka wuce masallaci ɗaya, ya ce masallatan garin ne suke kama da juna. Da ƙyar suka iso wurin. Shagon gyaran waya ne. Mai shagon ya ce shi dai tun da ya yi wayo bai taɓa jin an soya kifi a nan ba.

"Kun ga abin da nake faɗa," in ji Kaftin. "Garin ya lalace."

Ranar, mutanen da suka taso daga Tanta don kifin Iskandariyya, biskit da lemon kwalba suka ci a tsaye a gindin bango. Wata gwauruwa, Madam Su'ad, jiri ya ɗebe ta sai da aka zaunar da ita a kan akwatin lemo.

Don ya wanke wa jama'a zuciya, Kaftin ya sanar da cewa za a shiga kwalekwale a zaga tashar jiragen kamun kifi, inda ruwa yake kwance kamar a tasa. Ya hau gaba ya tsaya ƙiƙam, yana nuna wa mai jirgin dama da hagu. Aka ɗan matsa daga gaɓa. Jirgin ya yi lilo sau ɗaya. Umarni ya tsaya. Fuskar Kaftin ta koma kalar ɗanyen ganye, ya durƙusa, ya rungume gefen jirgi, ya mayar wa teku da gurasa da wake da biskit, bai rage komai ba. Hular ta bi su.

"A juya," ya ce da muryar jinjiri. "Ihsan, ce masa ya juya. Ban iya iyo ba."

Am Girgis ya leƙa ruwan ya ce, "Ka ga ya fara cika, ya Kaftin."

Da aka sauke shi, Usta Hamada ya ce ƙarfe biyar mota za ta tashi. Kaftin ya shige wani gidan shayi ya wanke fuska. Kofi ɗaya ya dawo masa da launi, na biyu ya dawo masa da murya. Ya samu wasu 'yan dara a teburin kusa, ya bayyana musu cewa gangancin mai jirgi ne ya kusa hallaka mutane, ba don shi ya tsaya tsayin daka ba da yanzu ana makoki. Biyar ta buga, ya gani. Ya ƙara shayi. Babban mutum ba ya riga kowa shiga mota. Gara su ɗan jira, su tuna wanda ya kawo su.

Da ya ga jiran ya ishe su, ya taso da takun ƙasaita. A inda motar take ɗazu, mai gasa masara ya tarar.

Ya kira direba. Ta cikin wayar yana jin tafi da waƙa, har da guɗar Madam Su'ad da ɗazu ta kusa suma.

"Usta Hamada, kun manta da ni. Ka san wa ka bari a titi?"

"Wallahi ya Basha, ranka ya daɗe, ba mantuwa ba ce. Sai da na tsaya na tambaya ko kowa ya shigo. Hajja ta ɗora jakarta a kujerarka ta ce kowa ya shigo."

Kaftin ya ce a juyo a ɗauke shi.

"Bari in tambaye su," in ji direban. Ya ɗaga murya. "Jama'a, Kaftin ne. Mu koma?"

Tafin ya tsaya. Kaftin ya manna wayar a kunne yana jiran a fara rige-rigen ba shi haƙuri. Ba abin da yake ji sai gurnanin inji. Can sai muryar Hajja Ihsan, a natse, irin wadda take tambayarsa da ita ko a ƙara gishiri.

"Ce masa akwai jirgin ƙasa. In bai san tashar ba, ya tambaya."