Wanda Ya Riga Kaka Shuka

"...Lafiya lau, ba don ka so ba. Ina gajiya, mijin banza mai gadin kwalba?"

"Babu gajiya sai da na gan ki. Wai ke, tsohuwa, har yanzu mutuwa ba ta gano gidanki ba?"

"Ta zo. Na ce mata ta fara da ragwaye, ta ce ba ta san hanyar dam ba."

Kaka ce tsaye a bakin ƙofa, dogare da sanda, mai babur ɗin da ya kawo ta har ya juya. Jikanta, magidancin da kowa ke kira Mai Awo, ya taso ya kama hannunta ya shigar da ita ɗakin aikinsa. Ɗaki ne ɗan ƙarami mai rufin kwano a kan bangon dam, daga tebur sai benci sai rediyo, sai takalman roba a bayan ƙofa. Aikinsa ke nan shekara da shekaru: ya duba kwalbar da ke tara ruwan sama a tsakar fili, ya duba sandunan awo da aka kakkafa a cikin dam ya ga inda ruwa ya tsaya, ya buga waya ya faɗa wa na gaba da shi.

Ya san abin da ya kawo ta. Shekaranjiya aka yi ruwan farko, gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa, Kaka ta tara 'ya'yanta ta ce gobe kowa ya fito da sungumi. Gonar gidan tata ce, irin masara yana kulle a ɗakinta, makullin yana ɗaure a bakin zaninta. Bara sau biyu ana shuka rana na ƙonewa, abin da ya rage a buhu bana ba zai wuce shuka ɗaya ba. Shi ya sa Mai Awo ya aika gida cewa a dakata. Baffanninsa, da gemunsu da komai, babu mai iya ce wa tsohuwar a'a. Sai jika.

"An ce kai ka ce kar a yi shuka," in ji ta, tun kafin ta gama zama.

"Ni na ce."

"Da izinin wa? Ranar da na fara shuka ko ubanka ba a yi mafarkinsa ba."

"Ai shi ya sa. Ruwan zamaninku mai kunya ne, yana ganin tsofaffi zai sauko. Na yanzu ba ya gaida kowa."

"Gwiwata ta ce akwai ruwa. Tun jiya take sara."

"Gwiwar nan taki tun ina goye take alkawari. Ke da ita duk hadarin kaka ne, sai rugugi, ko ɗigo babu."

"Marar kunya! Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Kwalbar taka me ta ce? Kwalbar da ko kaza ba za ta kashe ƙishi da ita ba?"

"Ta ce ruwan shekaranjiya bai isa ya wanke miki fuska ba. Masu hasashen yanayi kuma sun ce rana ce ke biye da shi, za ta kwana biyu tana gashi. In kika zuba irin nan ya tsiro, ba ni da ruwan da zan sako miki ta magudana ya cece shi. Dam ya kusa kai wa ƙasa."

"Ƙarya kake. Dam ɗin da ya haɗiye garinmu ɗungurungum, da rijiyoyinsa da bishiyoyinsa, shi ne zai ƙafe? Ko kai ka shanye shi da wannan tumbin?"

"Gani ya kori ji. In ƙafafun nan naki na aro za su iya, zo mu je. Dama lokacin duba sanda ya yi."

"Mu je. In ka faɗi ba zan goya ka ba, na yi nawa tun kana majina."

Ya sa takalman roba, suka gangara ta matakalar siminti. Inda matakalar ta ƙare, a da ruwa ne da ke shanye mutum har kansa. Yanzu laka ce shimfiɗe iya ganin ido, ta daddare kamar tafin tsohuwa, ruwan shekaranjiya ya ɗan tausasa samanta. Duk inda suka taka sai ƙafa ta nutse ta bar shaida. Suka wuce sandar awo ta farko a tsaye kan busasshiyar ƙasa, suka wuce ta biyu. Ta ƙarshe ma, wadda tun da ya kama aiki bai taɓa ganin gindinta ba, ruwa ya janye ya bar ta tsirara.

Rana ta take tsaka, amma babu iska ko ta kaɗa gashin ido. Matattun bishiyoyi sun fito daga laka fari fat kamar ƙasusuwa. Can nesa ragowar ruwan yana kwance baƙi ƙirin, ba ya ko motsi. Mai Awo ya lura da abin da ya dame shi tun safe bai gane ba: kwaɗin da suka cika duniya da kuka daren da aka yi ruwa duk sun yi tsit. Balbelun da ke bin bakin ruwa kullum, yau ko ɗaya babu. Ƙarar tafiyarsu kaɗai yake ji, caɓal, caɓal, da numfashin tsohuwa.

"Ka yi shiru," in ji Kaka. "Tsoro kake ji?"

"Ni? Mutumin da ya girma yana ganin fuskarki da sassafe, me ya rage ya tsorata shi?"

"Yo muryarka ce na ji tana rawa."

"Nauyinki ne. Ashe ƙashi ma yana da nauyi."

Ta tsaya cak tana kallon gabanta. Mai Awo ya bi idonta. Layin duwatsu ne ya fito daga cikin laka, ya yi kwana, ya sake yin kwana. Ga bakin wata rijiya, ga fasassun tukwane a kife. Kufan tsohon garin ne. Ya sha jin labarinsa, bai taɓa zaton zai taka shi da ƙafarsa ba.

Kaka ta saki hannunsa ta yi gaba, tana tafiya kamar wadda ta fita jiya ta dawo yau. Ta bi wani lungu da ba lungu ba, ta kauce wa bangon da babu shi, ta tsaya gaban wasu duwatsu biyu.

"Ƙofar gidana ke nan," ta ce a hankali. "Ga dutsen niƙana can, inda na bar shi."

"Alhamdu lillahi, mun kawo ki gida. In bar ki a nan in koma? Kowa ya huta."

"Mijin da ko zani bai taɓa saya min ba, shi ne har zai kore ni? Wanda ya gina gidan nan ya fi ka komai, har..."

Ta ƙura wa wani wuri ido.

A bayan tsakar gidan, a ɗan filin da duwatsu suka kewaye, an yi shuka. Layi-layi, sara bayan sara, kowane rami an rufe shi an danne da ƙafa. Ƙasar da aka tono ko bushewa ba ta gama yi ba.

Mai Awo ya yi gyaran murya.

"Masunta ne. Sun ga ruwa ya janye, wani ya ce bari ya gwada sa'arsa."

"Ta ina ya shigo?"

"Ta ƙofa mana, tunda kin bar ta a buɗe shekara da shekaru."

"Duba bayanka, mai ilimi."

Ya waiwaya. Sawunsu ne a miƙe tun daga matakala: takalman robansa, silifas ɗinta, da ɗige-ɗigen sandarta. Ya kewaya filin da ido, gabas da yamma, kudu da arewa. Laka lumui, ko sawun tsuntsu babu. Babu sawun shiga, babu na fita.

"Wataƙila kafin a yi ruwa ya zo," ya ce, shi kansa bai yarda da abin da ya faɗa ba. "Ruwa ya shafe sawun."

"Ya shafe na hanya ya bar na kan rami? Ruwan naku na yanzu har da zaɓe yake yi?"

Ta dogara da sanda ta durƙusa, gwiwarta ta yi ƙara. Ta daɗe tana kallon sawun da ke kan ramin farko, ta matsa ta dubi na biyu, ta dubi na uku.

"Zo ka ƙirga min yatsun nan. Kai ne mai awo."

Bai so ba, amma ya sunkuya. Ƙafar hagu ce, ba takalmi, faffaɗa. Yatsu huɗu. Inda ƙaramin ya kamata ya fito, babu komai.

"Gatari ne ya cire shi," in ji Kaka, ba ta ɗago ba. "Kakanka yana faskare a gindin waccan bishiyar, ina da cikin ubanka. Ni na ɗaure masa ƙafar da ɗankwalina."

"Kaka, mai yatsu huɗu ai ba shi kaɗai ba ne a duniya."

"Yau kuma ni ce Kaka? Ina tsohuwar ta tafi?"

"Kakana ya rasu tun kafin a gina dam."

"Ni za ka faɗa wa? Yana can kwance bayan wancan tudun, inda ruwa bai saki ba tukuna."

Dukansu suka dubi wurin. Ruwan yana nan baƙi, shiru, kamar ido a buɗe. Mai Awo ya karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, wata ma ta cin abinci ce.

Tsohuwa ta sa yatsa ta tone ramin. Ta zaro ƙwayoyi uku ta ɗora a tafin hannunta: masara ce ja, ƙanana, masu sheƙi kamar an shafa musu mai.

"Rabona da ganin wannan irin tun ranar da motoci suka kwashe mu daga nan. Nasa ne. Shi kaɗai ke ajiye shi a garin nan, a cikin wani tsohon tulu, ko ni ba ya bari in taɓa."

"Ajiye su mu tafi."

"Dakata."

Ta sake cusa yatsa a ramin, ta ƙara zurfi. Gaɓa ɗaya danshi, daga nan sai ƙasa busasshiya, tana zuba ta tsakanin yatsunta kamar toka. Ta murza ta, ta sake murzawa. A nan ƙasan dam ke nan, inda ruwa ya kwana shekaru. Ina ga gonarta da ke kan tudu.

Sai kafaɗunta suka fara rawa. Mai Awo ya zaci kuka take yi, ya miƙa hannu zai ɗaga ta. Ashe dariya ce. Ta fara ƙasa-ƙasa, ta zo ta fi ƙarfinta, har ta zauna daɓas a cikin laka tana buga sanda. Dariyar ta bazu a kan fili ta je ta daki bangon dam ta dawo musu, kamar wani ne ke taya ta daga can.

"Wannan mutumi! Wannan mutumi! Mutuwa ma ba ta koya masa haƙuri ba!"

"Kaka, don Allah rage murya."

"Kai ba ka san shi ba ne. Duk zaman da muka yi, bai taɓa yin shuka ta kama a karon farko ba. Da ya ji ɗigo ɗaya a kan rufi sai ya zari sungumi, ko wando bai gama ɗaurewa ba. Mutanen gari har jiransa suke yi. In an ce ya yi shuka, sai kowa ya mayar da irinsa ɗaki, an san ruwa da saura. Sauri ya haifi nawa, a kansa aka fara faɗa!"

"To ashe a wurinsa kika koya."

"Rufe min baki. Zama da maɗaukin kanwa ne." Ta share hawaye da gefen mayafi. Ta mayar da ƙwayoyin nan uku cikin raminsu, ta rufe, ta daddanna da tafin hannu a hankali, kamar mai lallashin yaro. "Tunda shi ya yi shuka, wallahi babu ruwa. Ko gwiwata ta rantse ba zan saurare ta ba."

"Kwalbata ta faɗa kin ƙi, masana sun faɗa kin ƙi, sai da..."

"Kwalbarka jiya aka haife ta. Shi kuwa na gwada shi shekara da shekaru, bai taɓa yin daidai ba ko sau ɗaya. Ɗaga ni."

Ya ɗaga ta. Ta kwance bakin zaninta, ta ciro makullin ɗakin iri ta danƙa masa a hannu, ta naɗe yatsunsa a kai.

"Riƙe. Ran da ƙasa ta jiƙa har ta shanye hannu, kai za ka buɗe. Kafin nan ko ni na zo ina kuka, kar ka ba ni."

"Kin sallama ke nan?"

"Na sallama, rago ya ci gari. Mu je."

Suka juya suka bi sawunsu. Ba su yi nisa ba, wata iska mai sanyi ta taso daga bayansu, daga wajen ruwan, ta shafi wuyansa ta wuce, ko mayafin Kaka ba ta kaɗa ba. Ya fara juya kai.

"Kar ka waiwaya," in ji ta.

"Don me?"

"Kishi gare shi. A gabansa na ba wani miji makullin ɗakina."

Mai Awo bai waiwaya ba. Ya dai ƙara sauri, takalman roba na ta caɓal-caɓal, tsohuwa na biye da shi tana dogara sanda tana shan dariya.

"Jira ni mana, ragon miji! Shi da yatsu tara ma bai taɓa tafiya ya bar ni a baya ba!"