Rasuwar Ƴar Badaguishiri, askar dukanci

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunya kuma daidai gwargwado, ni Mushe Soumaïla, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, mazaunin Malbaza, nake sanar da ƴan uwa da abokan arziki, da duk mai taɓa aikin fata don ɗebe kewa, rasuwar askata ta dukanci, wadda aka fi sani da Ƴar Badaguishiri. Ta rasu ran Litinin da la'asar a zaurena, bayan jinyar mako ukku. Shekarunta arba'in da ɗaya.

An haifi marigayiyar a wata maƙera ta Badaguishiri, daga ƙarfen sifirin tsohuwar motar kaya. Ta yi shekara talatin da biyu a hannun Baba Chindo, baduku a Illela, wanda ya koya mani sana'ar sa'ad da na aje alli na rasa abin yi da hannuwana. Da idanunshi sunka mutu, ya aika aka kira ni, ya danƙa mani ita cikin tsumma, ƴaƴan cikinshi biyu na zaune suna kallo. Sharaɗi guda ya gindaya: dutse da ruwa ne abincinta, kada ta kusanci inji. Na ce wallahi, Baba. Sau biyu na rantse, kuma ba wanda ya nemi ta biyun.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta. Ba ta son gaggawa. In za ta fere bakin fata don ninki ya kwanta, sai an ɗan yayyafa wa fatar ruwa, a kwantar da askar kusan ƙasa, a tura ta gaba, nesa da yatsa. Sai ta ɗauke wani siririn abu kamar ɓawon albasa. Wanda ya miƙar da ita tsaye ya danna, huda mishi fatar take yi, ba ta kuma ba da haƙuri. Ni kaina fatun akuya huɗu ta ɓata mani a shekarar farko kafin munka fahimci juna. Bisa allon katako take aiki. Duk da a Malbaza, garin masana'antar siminti, take zaune, bakinta bai taɓa taɓa daɓe ba. Ba ta yanka takarda, ba ta yanka igiya. Wata Babbar Salla maiɗakina Rahinatou ta nemi aronta don fiɗa, munka yi kwana biyu ba ma gaisawa, kuma har yau ban ga laifina ba. Buƙatunta na duniya kaɗan ne: ɗigo biyu na man gyaɗa da damina saboda tsatsa, da busasshen tsumma.

Ba ta da yawan magana. Bisa dutse takan ce “shas, shas, shas,” a natse. Bisa guntun kirgin da ake goge mata baki bayan wasa, “fat, fat.” Cikin fata kuwa ba ta cewa komi, kuma da wannan shirun baduku ke sanin ta ƙoshi. Wagga murya ce Baba Chindo ke jira duk Juma'a. In na kira shi bayan masallaci, ba ya tambayar iyali, ba ya tambayar damina. Cewa yake in kara salula ga dutse. Ni in wasa ta a Malbaza, shi ya saurara daga Illela. Wata rana ya ce na ɗaga hannu da yawa, na duba, haka ne.

Ciwon ajali a Konni ya same ta, ranar kasuwa, kuma ni na kai ta da ƙafata. Jikata Wasila za ta yi saukar karatu, na yi mata alkawarin gafakar da za ta sa Alƙur'aninta. Kwanaki sun ƙure, wuyan hannuna na ciwo, ga ɗan giɓi a bakin aska wanda zai ci mani yini biyu bisa dutse. Sai na hangi mai injin wasa wuƙaƙe, mahauta sun yi mishi layi, kowa minti biyu ya wuce. Zuciya ta ce, Mushe, wa zai sani? Na miƙa ta. Tartsatsi ya tashi, marigayiya ta yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, “ƙiiiii,” bakinta ya koma shuɗi-shuɗi. Ba na ɗora wa mai inji laifi, wuƙar mahauci ya sani. Har madalla na ce mishi.

Ga waɗanda ba su sani ba, zafin inji ƙone ruwan taurin da maƙeri ya ba ƙarfe yake yi, kuma shuɗin nan shi ne shaidar. Tun daga ranar ta daina riƙe kaifi. A wasa ta da safe, kafin hantsi ta dakushe, tana jan fata tana tattare ta. Na kai ta wurin wani maƙeri a nan Malbaza, ya juya ta, ya ce shekaru sun cinye ta, ta yi sirancin da ba za ta iya komawa wuta ba. A kai ta gida a yi haƙuri. Ran Litinin na danne ta fiye da kima, ta lanƙwashe. Na ɗauki guduma in miƙar da ita. Kalmarta ta ƙarshe “ƙas” ce, ta rabu biyu.

Wajibi ne wagga sanarwa ta faɗi abin da ya faru a Juma'o'in jinya. Ta farko na ce wa Baba Chindo rezon salula ba kyau. Ta biyu na ce an ari dutsen. Ta ukku, Allah shi gafarta mani, na ɗauko wuƙar albasar Rahinatou na wasa a bakin salula. Tsohon ya saurara har na gama. Sannan ya ce, “Mushe, ina iyali?” Shekara tara bai taɓa tambaya ba. Na ce lafiya lau, ya kashe salula. Na tsaya gaban sufeton makarantu sau da dama a rayuwata, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Marigayiya ta bar basilla biyu, da almakashi guda wanda dama ba su cika shiri ba, da dutsen wasa mai rami a tsakiya, da allon katako, da gafaka rabin aiki. Za a ƙarasa gafakar da wata askar aro wadda ba mu san asalinta ba. Wasila ta yi haƙuri da kaurin ninkin.

Za a yi jana'iza ran Asabar da hantsi, a ƙofar gidan Baba Chindo a Illela. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, mun kuma karɓi fatawa. A al'adar dukawa ba a yar da mataccen ƙarfe a juji. Cikin tukunyar kuloko ake sa shi, wato tukunyar da ake jiƙa guntayen ƙarfe su ba da baƙin da ake zane da shi bisa jar fata. Nan muke fatan a binne ta, in Baba Chindo, mai tukunyar, ya yarda.

Ana roƙon duk wanda wagga takarda ta iske kada ya karanta wa tsohon, kada ya kira shi, kada ya riga ni isa. Ni na rantse, ni zan faɗa da bakina. Zan durƙusa in sa mishi guntayen biyu a tafin hannu, jama'a su dakata daga waje. In kun ji ƙarar ƙarfe ya faɗa tukunya, ku shigo a yi gaisuwa, akwai goro. In kuwa kun ga na fito da guntayen cikin tsumma a hannu, kowa ya kama gabanshi, kada wanda ya raka ni tasha.

Allah shi ba mu haƙurin rashi.

Mushe Soumaïla, Malbaza, a madadin kayan aiki.